Majigin haya na daren matasa a Yamai: Charlot ya yi aikinsa, saura takardar nazari

Wasu matasa uku da ke wajen Bukoki suna ba da hayar majigi ga majami'u da ƙungiyoyin matasan ikkilisiya a Yamai. Abin da suke kawowa ya wuce na'ura da allo. Suna zuwa da kile, wato ƙaramar ma'ajiyar USB, cike da tsofaffin finafinan ban dariya, da mutum ɗaya mai fassara da Hausa a mikro, da kuma takarda mai shafi biyu ta tambayoyin nazari a kan batu guda: ina ya kamata Kirista ya ajiye begensa, wurin Allah ko wurin masu mulki. A ganina kayan aikinsu na ƙwarai ne in an san yadda za a lallaɓa su, zaɓin finafinansu ya fi yadda ake zato, amma takardar nazarin tana da rami babba, kuma duk faston da zai kira su ya kamata ya san da shi tun kafin a kafa allo.

Majigin nasu na ƙwan fitila ne, an rubuta masa hasken lumen 3,500, kuma yana jan wuta kusan wat 300. Wannan ya sha bamban da ƙananan majigin kasuwa masu kama da kwalin sukari, waɗanda ake rubuta musu dubban lumen a jikin kwali amma fitilar maƙwabci kaɗai ta isa ta wanke hotonsu. Allon farin yadi ne, faɗi mita 2.4, tsayi mita 1.8, a ɗaure jikin firam na bututun ƙarfe. Ana ajiye majigin kimanin mita 4 daga allon. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce kada na ƙarshen baya ya wuce ninki shida na tsayin allo, wato kusan mita 11 a nan. In an shimfiɗa wa yara tabarmi a gaba, aka jera bencina a baya, mutum 80 zuwa 100 za su gani sarai. Wanda ya tara 200 ya sani rabinsu motsi kawai za su gani, ba za su iya karanta rubutun ƙasan hoto ba.

Kuskuren da ya fi yawan faruwa a hannunsu ƙarami ne amma yana ɓata fim. Yawancin waɗannan tsofaffin finafinai an ɗauke su ne a siffar 4:3, kusan murabba'i. Kwamfutar kuwa tana tura hoto a siffar 16:9, sai a ga Charlot, wato ɗan wasan ban dariya Charlie Chaplin, ya yi ƙiba, ƙwallon duniyar da yake wasa da ita ta koma kamar kankana. Maganin bai wuce daƙiƙa biyar ba: a manhajar VLC a danna harafin A har hoton ya dawo 4:3, a kuma daidaita majigin kansa a kan 4:3. A sa su yi wannan tun da sauran haske, kafin jama'a su zauna.

Batun wuta shi ne inda dare yake lalacewa ko ya gyaru. Majigi, bafil biyu, kwamfuta da ƙwan fitila biyu na farfajiya, duka ba su wuce wat 800 ba, don haka gurup ɗinsu, wato injin ba da wuta, mai kVA 2 yana ɗauka ba gardama, yana shan abin da bai wuce lita ɗaya ta esansi a awa ba. Lita 4 ta ishi dare guda har da rara. Shawarata a kunna gurup tun farko, kada a fara da wutar gari da niyyar komawa gurup in an ɗauke. Dalili shi ne ƙwan majigi yana zafi ƙwarai, kuma fanka ce ke sanyaya shi bayan an kashe. In wuta ta yanke farat ɗaya fankar ta tsaya, zafin ya zauna a ciki, ƙwan ya rage kwana, sannan na'urar takan ƙi tashi sai bayan wasu mintuna. A cikin waɗannan mintunan yara sun watse. Gurup ɗin a kai shi mita 20 ko fiye, bayan katanga, hayaƙinsa na bin iska nesa da mutane, a ja wutar da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Siririyar wayar da ake sayarwa a naɗe tana ɗumama, wutar ta ragu kafin ta iso, hoton ya dinga ƙyaftawa.

Zafi da ƙura su ne sauran abokan gaba. Yawancin irin wannan majigi an ƙera shi ya yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, kuma a Afrilu da Mayu Yamai takan kai dare ba ta huce ba. In aka ɗora shi kan tebur mai lulluɓi, yadin ya toshe hanyar iska, sai ya kashe kansa a tsakiyar fim. A cire lulluɓin, a bar masa rabin mita fili ta kowane gefe. Lokacin hunturu kuwa matatar iskarsa tana cika da ƙura cikin dare biyu ko uku. Matasan suna busa ta, wannan na yaba musu, amma a tambaye su ranar da suka yi na ƙarshe. Allon yadi kuma a iskar farkon damina jirgin ruwa ne: a ɗaure kusurwa huɗu, a danne ƙafafun firam da buhunan yashi, ko a jingina shi da bangon majami'a.

A wajen sauti akwai tarko uku. Wayar HDMI tana kwashe sautin ta kai shi ƙaramar lasifikar cikin majigi, bafil ya yi shiru, sai an shiga saitin kwamfuta an mai da shi. In aka soka kile kai tsaye a majigi ba tare da kwamfuta ba, wasu fayilolin suna fitowa hoto ba murya, don na'urar ba ta gane irin sautin da aka naɗe su da shi. Rubutun ƙasan hoto kuma dole fayil ɗinsa ya ɗauki suna iri ɗaya da na fim ɗin, in ya riga magana ko ya makara a gyara da G da H a VLC, murya kuma da J da K. Mai mikro ya tsaya bayan bafil, in ya shiga gabansa ƙarar da za ta tashi sai an toshe kunne.

Rana a Yamai tana faɗuwa wajen shida da rabi a Disamba, wajen bakwai da minti ashirin a Yuni, amma kada a fara sai an idar da sallar lisha a masallatan unguwa, kuma a juya bakin bafil cikin farfajiya. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a kan takardar sanarwa. A rubuta Charlot, sunan da kowa ya san shi da shi a ƙasashe masu Faransanci. Kada a rubuta sunansa na farko, Charlie, a manyan baƙaƙe a ƙofar majami'a, domin a garin nan wannan kalmar tana tuna wa mutane jaridar nan ta Faransa, Charlie Hebdo, da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a zanga-zangar adawa da jaridar. Ɗan wasan ba ruwansa da jaridar, ya rasu tun 1977, amma mai wucewa a kan babur ba zai tsaya neman bayani ba. Matasan sun lura da wannan da kansu, kuma ya nuna sun san garin da suke aiki a cikinsa.

Yanzu finafinan. Suna buɗe dare da Bon voyage Sim na Moustapha Alassane, na 1966, zane mai motsi na kusan minti biyar a kan shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretinsa da duk bikin tarba. Wannan zaɓi ya yi kyau matuƙa. Alassane ɗan ƙasar nan ne, ya yi shekaru yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015, kuma yawancin matasanmu ba su taɓa ganin aikinsa ba. Yana nuna musu cewa yi wa girman kan masu mulki dariya ba kayan Turawa ba ne.

Babban fim ɗinsu shi ne Le Dictateur na Chaplin, wanda ya fito a Oktoban 1940, aka kuma fara ɗaukarsa a Satumban 1939, daidai lokacin da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Chaplin da Hitler kwana huɗu ne tsakaninsu a haihuwa, a Afrilun 1889, ga gashin baki iri ɗaya, sai ya fito a mutum biyu: wani wanzami Bayahude, da Hynkel mai mulkin kama-karya na ƙasar Tomeniya. Wuraren da ke tashin farfajiya da dariya sanannu ne. Akwai inda Hynkel ya kulle kansa a ofis yana rawa da balan-balan mai siffar duniya, yana cilla ta sama da hannu da ƙafa har da mazaunai, ta fashe masa a fuska, ya kife kan tebur yana kuka. Akwai inda shi da baƙonsa Napaloni suka zauna kujerun aski kowa yana ɗaga tasa don ya fi ɗan'uwansa tsayi, har suka kusa taɓa rufi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, yaro ɗan shekara bakwai ma yana gane wannan ba tare da an fassara masa ba. Wanda ya fi amfani ga nazari, a ganina, shi ne na cin tuwon zaƙi: an ɓoye tsabar kuɗi a ciki, wanda ya same ta shi zai sadaukar da ransa ya tarwatsa fadar Hynkel, ashe Hannah, maƙwabciyar wanzami, ta saka a kowane kwano, sai kowa ya dinga tura wa na kusa da shi a ɓoye, wanzami kuma yana haɗiyewa. Kowa na son mai ceto, ba wanda yake so ya zama shi. Takardar nazarin ba ta ko ambaci wannan wurin ba.

Tsawon fim ɗin awa biyu da minti biyar ne. In an fara takwas da rabi ba za a gama ba sai goma da rabi ta wuce, iyaye sun fara kiran waya, nazari ya mutu. A raba shi dare biyu. A tsaya inda aka kama wanzami da Schultz, hafsan da ya juya wa Hynkel baya, aka kai su sansani. Dare na biyu ya fi gajarta, yana ɗauke da zuwan Napaloni da jawabin ƙarshe, sai a sami minti 40 na tattaunawa. A kuma gaya wa mutane tun farko cewa akwai duka da ƙone-ƙone a unguwar Yahudawa, kuma Chaplin da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1964 cewa da ya san abin da ake yi a sansanonin Nazi da bai iya yin wannan wasa ba.

Na biyu a daraja shi ne Le Petit Monde de don Camillo na 1952, inda Fernandel ya fito a limamin Katolika na wani ƙauyen Italiya, Gino Cervi kuma a Peppone, magajin gari ɗan kwaminis. Suna faɗa kan komai, har kan sunan jaririn da Peppone yake so a yi wa baftisma da sunan Lenin a ciki, har wasan ƙwallo inda kowannensu ya ba alƙalin wasa cin hanci. Amfaninsa shi ne limamin ma ba a ƙyale shi ba: muryar Almasihu tana tsawata masa duk lokacin da ya mai da aikin Allah jam'iyya. Sai dai muryar tana fitowa ne daga gicciye mai siffa a jiki, kuma wannan yana buƙatar bayani a majami'un bishara, balle in an gayyaci maƙwabta Musulmi. Ya dace da zaman cikin gida na manyan matasa masu jin Faransanci. La Folie des grandeurs na 1971, inda Louis de Funès ya fito a ministan da bawansa ke tashinsa daga barci da ƙarar zinariya, yana da daɗi, amma akwai wurin tuɓe tufafi da bai dace da farfajiyar majami'a ba. La Soupe au canard na 1933 kuwa a bar shi, rabin dariyarsa wasa da kalmomin Ingilishi ne, ba ya tsallakowa.

Mai fassarar yana da murya da saurin baki, irin na masu fassarar finafinan Indiya, kuma a wuraren magana yana taimakon tsofaffi da yara sosai. Laifinsa ɗaya: ba ya iya shiru. A rawar balan-balan kiɗa ne kawai da motsi, shirun shi ne ke sa a ga haukar mutumin, amma sai ya cika wurin da barkwanci. Wani lokaci kuma yakan laƙa wa Hynkel kirari ko salon maganar wani ɗan siyasar gida don a yi shewa. A hana shi wannan tun kafin a fara, da babbar murya. A benci ɗaya akwai ɗan soja, da ɗan wanda aka tsare, da matar da mijinta ya rasa aiki da canjin gwamnati.

Takardar nazarin ta fara daidai. Ta kawo Zabura 146:3-4, inda aka hana dogara ga sarakuna domin mutum numfashinsa na fita ya koma ƙasa, shirye-shiryensa su mutu a ranar. Ta kawo Irmiya 17:5 da Zabura 118:8-9. Ta kawo Hirudus a Ayyukan Manzanni 12, wanda taro ya kira muryarsa ta allah, bai mai da girman ga Allah ba, tsutsotsi suka cinye shi. Duk wannan ya dace da balan-balan da ta fashe. Matsalar tana shafi na biyu, inda aka ɗauki jawabin ƙarshe na fim ɗin kamar wa'azi, aka ce matasa su haddace shi, don kawai ya ambaci Luka sura 17.

A duba abin da ke faruwa a wannan jawabi da kyau. An ɗauki wanzami a matsayin Hynkel, an tsayar da shi gaban dubban sojoji. Ya yi magana mai taɓa zuciya a kan ƙiyayya da haɗama, ya ce Mulkin Allah yana cikin mutum, cikin dukan mutane, daga nan ya zarce cewa iko yana hannun jama'a, kimiyya da ci gaba za su kai kowa ga farin ciki. A Luka 17:20-21 kuwa Yesu yana amsa wa Farisiyawa ne da suka tambayi lokacin zuwan Mulkin, kuma kalmar da aka fassara "cikinku" tana iya nufin "a tsakaninku", wato Sarkin yana tsaye gabansu ba su gane shi ba. Chaplin ya ɗauke begen daga mutum ɗaya ya ɗora a kan mutane duka. Irmiya 17:5 bai bambanta ba tsakanin dogara ga mutum ɗaya da dogara ga miliyan. Sannan a lura da taron: kayan sarki ɗaya, dandamali ɗaya, sojojin da suka zo yi wa Hynkel tafi su ne suka ɓarke da shewa ga wanzami. Ba abin da ya nuna sun canja, wanda ke riƙe da mikro ne ya canja. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi wa matasa, kuma ba ta cikin takardar.

Ga ɗan Nijar wannan ba labarin nesa ba ne. An yi juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. An yi Taron Ƙasa a 1991, an yi zaɓen 1993, an miƙa mulki daga zaɓaɓɓe zuwa zaɓaɓɓe a 2021. Kowane karo wasu sun ce yanzu kam an huta, wasu sun shiga ɗaki sun yi kuka, kuma duka biyun suna zuwa sujada ranar Lahadi. Matashin da ya yi wa Hynkel dariya yana tunanin shugaban da ba ya so, ya koma gida da cikakken imani cewa nasa gwanin ne zai gyara komai, bai karu da komai ba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Nassin da ya fi dacewa a ƙara shi ne 1 Sama'ila 8. Kukan dattawan Isra'ila gaskiya ne, ƴaƴan Sama'ila, Yowel da Abiya, suna karɓar hanci suna karkata shari'a. Amma maganin da suka nema, sarki kamar na sauran al'ummai, Allah ya kira shi ƙin sarautarsa, aka kuma lissafa musu abin da sarkin zai kwashe: ƴaƴa maza don karusai, ƴaƴa mata don girki, gonaki mafi kyau, ushirin hatsi da na tumaki.

Akwai kuma ɗaya gefen da takardar ta tsallake gaba ɗaya, kuma rashinsa na iya haifar da matasa masu raini. Bulus a 1 Timoti 2:1-2 ya ce a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu iko don a zauna lafiya, a Romawa 13 ya yi maganar biyayya da biyan haraji, kuma ya rubuta wannan a zamanin Nero. Daniyel ya yi wa Nebukadnezzar aiki da aminci, ya kuma gaya masa gaskiya a fuska. Manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29 sun nuna inda biyayyar take tsayawa. Kirista yana zaɓe, yana biyan haraji, yana iya riƙe muƙami, yana yi wa mai mulki addu'a da sunansa. Abin da ba ya yi shi ne ya jingina masa abin da Almasihu kaɗai ke iya ɗauka. Daren da aka yi dariya awa biyu aka tashi ba a yi wa shugabannin ƙasa addu'a ba, an koyar da rabin darasi.

A wajen kuɗi, suna lissafa haya daban, esansi daban, taksin kawo kaya da mayarwa daban, don haka a nemi jimla a rubuce tun ranar da aka yi magana, a kuma amince kan wanda zai biya in ƙwan majigi ya mutu a wurin. A tambaye su kuma izinin nuna finafinan a bainar jama'a, domin Le Dictateur da Don Camillo har yanzu suna da masu haƙƙi, kuma ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin mallaka a ƙasar nan. Kada a sayar da tikiti a ƙofa kafin a warware wannan.

Ina ba da shawarar a kira su, da sharaɗi huɗu. Su iso awa biyu kafin duhu a gwada hoto da sauti. A raba Le Dictateur dare biyu. Mai fassara ya yi shiru inda fim ya yi shiru, kuma kada ya taɓa sunan kowa mai rai. Fasto ko wani dattijon ikkilisiya ya karɓi takardar nazarin mako guda kafin ranar, ya bar shafin farko yadda yake, ya sake rubuta na biyu da 1 Sama'ila 8 da 1 Timoti 2, shi kuma ya jagoranci tattaunawar da kansa.